Zauren Kawu Kafinta: Akwatin da Ba Kwaɗo, Ba Makulli, Kuma Ya Ƙi Buɗuwa

Wasiƙun wannan wata sun taru a kan abu guda: akwatunan dabara, 'yan akwatunan nan na katako ko ƙarfe da ba a ganin kwaɗo ko kafar makulli a jikinsu, sai mutum ya gano abin da mai yin su ya ɓoye kafin su buɗu. Da ma abin da nake so ne tun ina koyar da aikin katako, don haka yau bakina zai yi tsawo. Masu tambaya a kan gara da silin mai yoyo su yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Kawu. Mahaifinmu ya rasu bara. Da ake fitar da kayan ɗakinsa muka tarar da wani ɗan akwatin katako, tsawonsa bai kai taƙi ɗaya ba, jikinsa duk ƙananan zane ne masu kusurwa-kusurwa, launi daban-daban. Ba a ganin murfi, ba wurin makulli, amma in an girgiza wani abu na motsi a ciki. Yayana ya ce a sa sukurudireba a ɓalle shi, ni kuma raina bai so ba. Yaya za mu yi? 'Yarka, daga Gawon Nama.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Allah Ya jiƙan Baba, Ya kyautata namu zuwan. Kafin komai, ki lallaɓa ki karɓe sukurudireban nan daga hannun yayanki. Abin da ke riƙe da irin wannan akwati 'yan siraran harsuna ne na itace da ke gudu cikin tsaga. Da an danna ƙarfe an banƙare, harshe guda ya karye, to an tashi daga akwatin dabara an koma itacen hura wuta.

Yadda kika kwatanta shi, na fi zaton ɗan Japan ne, daga Hakone, wani yanki mai duwatsu da maɓuɓɓugan ruwan zafi a kudu maso yammacin Tokyo, a kan tsohuwar hanyar da ta haɗa Tokyo da Kyoto. Matafiya kan yada zango a can su sayi tsaraba, kuma da tsarabar nan sana'ar ta girma. Zanen da kike gani ba fenti ba ne. Itatuwa ne masu launi daban-daban, fari da rawaya da ja da baƙi, ake tsaga su sanda-sanda, a manne da gam su zama dunƙule guda, sannan a fero falle mai kaurin takarda a liƙa a jikin akwatin. Wani kafinta mai suna Ishikawa Nihei, mutumin ƙauyen Hatajuku, shi ake jingina wa fara wannan ado a rabin farko na ƙarni na 19, akwatin sirrin kuma ya biyo baya wajen ƙarshen ƙarnin. Adon nan yana da aiki bayan kyau: shi ke ɓoye inda katako ya rabu da katako. Ido na bin zane, sai ya tsallake tsaga.

To ga yadda za ki yi. Ki wanke hannu ki goge ya bushe, ki zauna a kan katifa ko darduma, ba a kan siminti ba. Ki ƙyale faffaɗan ɓangarorin, ki duba ƙananan fuskokin nan biyu na kai da gindi. Ki karkata akwatin wajen hasken taga, ki bi fuskar da farce a hankali. Galibi za ki ji wani siririn falle a tsakiya wanda ya rabu da sauran. Ki ɗora babban yatsa ki tura shi gefe, dama ko hagu. Ba zai yi nisa ba, ƙila rabin faɗin farce. Wannan shi ne motsi na farko, kuma shi ne sakatar. Da ya matsa, fuskar gaba ɗayanta za ta yarda ta ɗan sauka ƙasa. Da ta sauka sai ki gwada saman akwatin, za ki ji ya zame kaɗan ya tsaya cak. Kada ki ja. Tsayawar nan tana nufin wani abu a ɗaya ƙarshen yana jiran nasa motsin. Ki juya ki yi wa can abin da kika yi wa nan, ki sake dawowa. Haka za ki yi ta zagayawa, kowane motsi na buɗe wa na gaba hanya. Ƙananan kan buɗu a motsi 4, 7, 10 ko 12, akwai kuma masu 21 da fiye da haka. Duk abin da ya ƙi matsawa da ƙarfin yatsa ɗaya, lokacinsa ne bai yi ba. Ki ajiye takarda kusa ki rubuta kowane motsi, domin wajen rufewa sai an bi sawu an koma da baya, kuma a nan mutane suka fi kakarewa.

Masu irin na Maroko, wanda katakonsa ja ne mai ɗigo-ɗigo da ƙamshi, aikin kafintocin garin Essaouira, ku naku yana da makulli, ɓoye shi aka yi. Ku nemi falle mai zamewa wajen gindi. Wani na rufe da makullin, wani na rufe da kafarsa.

Abin da ke motsi a ciki kuwa, kada ku sa rai da yawa. Sau da dama takardar bayanin buɗewa ce aka naɗe aka jefa. Amma tunda kayan mamaci ne, ki tsaya kafin motsin ƙarshe, ki kira 'yan uwa a buɗe kowa na gani. Ko zobe ne ko tsohuwar ƙwandala, haƙƙin magada ne.

TAMBAYA: Kawu, abokina yana da wani akwati. Shi in ya ɗauka nan take ya buɗe, ni kuwa na yi ta fama ya ƙi, alhali na kwaikwayi duk abin da yatsunsa suka yi. Wani a majalisarmu ya ce akwai surkulle a ciki, kuma wai kayan Turawa ne na ɓata lokaci. Ɗalibi, daga Mabera.

AMSA: Ɗana, ba surkulle ba aljani. Abokinka ya karkata akwatin ne ta wata fuska da ba ka lura ba, ko ya ɗan buga shi a tafin hannu yana ja maka hira. Cikin irin waɗannan akan sa ƙusa marar kai da ke faɗawa gurbi da nauyinta, ko 'yar ƙwallon boris, ko maganaɗisu. Ka ce ya sake buɗewa, amma wannan karon ka daina kallon yatsunsa, ka kalli yadda akwatin yake kwance a hannunsa.

Batun kayan Turawa kuwa, mutumin majalisarku ya makara da fiye da shekara dubu. A Bagadaza, wajen shekarar 850, 'yan uwa uku da ake kira Banu Musa, wato Muhammad da Ahmad da Hasan, sun rubuta littafi mai ɗauke da na'urori kusan 100, yawancinsu tuluna da butoci na dabara, irin wadda za ta tsiyayo maka abin sha kala biyu daga baki ɗaya. A 1206 kuma al-Jazari, injiniyan fada a garin Amid, wanda yau ake kira Diyarbakir a Turkiyya, ya kammala nasa littafin na na'urori 50, kuma cikinsu akwai makullin akwati mai faifai huɗu da ake juyawa, ba ya buɗuwa sai an daidaita haruffan da mai shi ya zaɓa. Abin bai tsaya a takarda ba. A wani gidan adana kayan tarihi a Kopenhagen ta ƙasar Denmak akwai ragowar wani akwatin tagulla mai irin wannan makulli, ɗauke da sunan maƙerinsa, Muhammad ɗan Hamid al-Asturlabi mutumin Isfahan, da shekarar 597 bayan Hijira, wato 1200 zuwa 1201.

Kai, me ma ya kai mu nesa? Ka tambayi dattawan da suka yi fatauci ta Illela da Ƙonni zuwa Tawa da Agadas labarin kwaɗon Buzaye, wanda maƙeransu ke yi don kulle jakunkunan fata, da adon jan ƙarfe da tagulla. Akwai mai makulli biyu ko uku, kuma sai an bi su a jere. Na farko ba ya buɗe komai, zame wani falle kawai yake yi ya tona kafar na biyu.

Ɓata lokaci kuma ya danganta da lokacin da ka ɗauko. Wanda ya bar salla ko karatun jarrabawa yana murzar akwati, ya san laifin ba na akwatin ba ne.

TAMBAYA: Malam, alhamdu lillahi ina da ɗan hali, kuma ina son in fara tara waɗannan akwatuna. Na ga a intanet ana tallar mai motsi 54 da mai 72, kuɗinsu ya ninka na ƙananan. Shin mai motsi da yawa shi ya fi? Alhaji, daga Arkilla.

AMSA: Alhaji, barka da samun abin sha'awa mai cin aljihu. Amsata a'a ce. Akwati mai motsi 72 galibi tsari guda ne ake maimaitawa. Da ka gane shi a motsi na goma, sauran jan guga ne a rijiya mai zurfi, hannu bayan hannu, ba wayo sai juriya. Akwai wani gwani a Japan mai suna Hiroshi Iwahara da ya yi mai motsi 324, ya sake yin mai 1,536. Na jinjina masa, don sa katako ya yi ƙirga ba ƙaramin aiki ba ne, amma ba da shi zan ce ka fara ba. In wannan lissafin kake so ka ɗanɗana, ba sai ka kashe dala ba. Akwai tsohon wasan zobba na ƙasar Sin, zobba a jere da ake zarewa daga wani dogon madaukin waya. Mai zobe 5 na fita a motsi 21, mai 7 a 85, mai 9 a 341. Duk zobe biyun da aka ƙara, aiki ya ninka kusan sau huɗu. Ka kai hotonsa Maƙera Assada, za a lanƙwasa maka shi da waya.

Wanda ni na fi so shi ne akwatin da motsinsa ɗaya ne ko biyu, amma ya kama ka ta inda ka saba zato. Jagoran wannan salo shi ne Akio Kamei, wanda ya tara abokan sana'arsa a Odawara, kusa da Hakone, suka kafa ƙungiyar Karakuri a 1999. Yana da wani ƙwai na katako, sumul, ba abin turawa ba abin ja. Ba ya buɗuwa sai ka daina tunanin akwati ka tuna yadda ake yi wa ƙwan gaske. Wanda ya gano yakan yi dariya shi kaɗai, kuma dariyar nan kake biyan kuɗi dominta.

Ga shawarar aljihu. Ka fara da na Hakone mai motsi 7 ko 10. Ana auna tsawonsu da ma'aunin Japan da ake kira sun, kowane ɗaya kimanin santimita 3, don haka mai sun 4 santimita 12 ke nan, mai sun 2 kuwa da kaɗan ya fi kwalin ashana. Ka kula da wannan, don a fuskar waya duk girmansu ɗaya. Ka haɗa da 'yan ƙarafunan kamfanin Hanayama. Su ba akwati ba ne, ƙarafuna ne a sarƙe da za ka raba ka mayar, an kasa wuyarsu daraja 1 zuwa 6, kuma ba ruwansu da hunturu ko damina. Masu arhan nan da ake yankawa da inji daga siririn falle a aiko ka harhaɗa da kanka, ba laifi don yara, sai dai gefunansu kan cinye da wuri. Sannan ka lissafa kuɗin aikowa kafin ka biya. In kana da mai dawowa daga tafiya, jakarsa ta fi maka sauƙi.

TAMBAYA: Kawu, in na kakare, laifi ne in duba YouTube? Daga Wamakko.

AMSA: Ba laifi, kuɗinka ne. Amma da ka gani shi ke nan, ba a mayar da gani. Ka ajiye akwatin ka kwana, ka sake ɗauka da safe. In ya ci tura, ka ba wani wayar ya kalla, ya faɗa maka abu ɗaya tak: wace fuska za ka duba. Inda na yarda a kalla kai tsaye shi ne in kana zaton wani abu ya karye ko ya cije a ciki, don kada ka ƙarasa shi.

TAMBAYA: Kawu ina wuni. Maigidana ya kamu da son waɗannan akwatuna. Ya cika kabad da su ya sa makulli. Wanda ya buɗe sau ɗaya ba ya sake taɓa shi, sai ya nemi sabo. Yara ba su isa su kusanci wurin ba. Ni dai ban ga amfaninsu ba. Ka yi masa magana, yana karanta wannan fili. Uwargida, daga Runjin Sambo.

AMSA: Lafiya lau Uwargida, ina gajiya. In sayen nan yana taɓa cefane ko kuɗin makarantar yara, ba sai na yi dogon bayani ba, ke ke da gaskiya, kuma ya ji daga bakina. In kuwa gida a tsaye yake, bari in ɗan kare shi kafin in kama shi.

Daɗin abin yana cikin lokacin da akwatin bai buɗu ba. Kina riƙe da abu kin tabbata mutum ne ya yi shi, kin tabbata akwai hanya, kuma duk abin da ake buƙata yana nan cikin tafin hannunki. Ki tura nan shiru, ki tura can shiru. Can sai wani gefe da kika taɓa sau da yawa ya ce ƙas, ya zame suu. A wannan lokacin ji kike kamar kun haɗa ido da kafintan da ba ki taɓa gani ba, kin gane inda ya yi miki kwanton ɓauna. Wannan ne maigidanki yake bi, kuma ke ma kin gano matsalarsa da kanki: akwati sau ɗaya yake buɗuwa ga mutum. Bayan nan hannu ya haddace, sai ya zama kayan kabad.

To ranka ya daɗe maigida, ga inda na kama ka. Akwatin da ka gama da shi sabo ne fil a hannun wanda bai taɓa ganinsa ba, kuma rabin daɗin tarawa yana wajen miƙa shi. Ni nawa ba sa zama. Nakan ɗauki guda in fita da shi majalisa bayan La'asar in ajiye a kan benci ban ce komai ba. Tela shi da farce yake farawa, yana bin kowane layi yana neman ɗinki. Mai gyaran agogo ba ya ma dubawa, kunnensa yake kai wa yana karkatawa a hankali. Akwai wani tsohon ɗan sanda cikinmu, shi kuwa tambayoyi yake jero mini, wai ko zan yi suɓutar baki. Sau da yawa kuma yaron da aka aiko da shayi shi ke buɗewa, don bai riga ya yanke hukuncin inda murfi ya kamata ya kasance ba. Abin da na sani game da akwatunana a wurin kallon hannun mutane na fi koyonsa.

Manyan masu tarawa ma haka suke yi. Jerry Slocum, wani Ba'amurke, ya fara taron masu wannan sha'awa a 1978, kuma babban abin da ake yi a taron shi ne musaya, kowa ya zo da nasa ya ba saura ya karɓi nasu. A 2006 ya kyautar da abubuwan wasa ƙwaƙwalwa fiye da 30,000 ga ɗakin karatu na Lilly a Jami'ar Indiyana, inda aka ware wasu don baƙi su ɗauka su gwada da hannunsu. Mutum ya saki dubu talatin, kai kana kulle kabad guda.

Sulhun da zan yi muku shi ne, duk sabon da ya shigo gida, tsoho guda ya sauko falo don yara da baƙi. Masu tsada ƙwarai su zauna a sama, ban hana ba. Ke kuma Uwargida, ki ce ya ba ki guda, da sharaɗin ba zai tsaya a kanki yana gyaran murya ba.

TAMBAYA: Malam, an kawo mini tsarabar akwati yana aiki lafiya. Da hunturu ya shigo sai ya yi sako-sako, har adon jikinsa ya fara ɗagowa a gefe guda. Da damina ta yi nisa kuma ya cije ƙam. In ɗiga masa man keken ɗinki? Malama, daga Tambuwal.

AMSA: Kada ki kuskura, Malama. Katako zai shanye man, ya ƙara kumbura, ƙura ta manne, gam ɗin adon ya saki. Abin da ke damun akwatinki shi ne abin da ke sa ƙofar ɗaki ta cije a watan Agusta ta kuma yi ta kaɗawa a Janairu. Itace na shan laimar iska yana amayarwa har abada, ko da ya shekara ɗari da yankewa. A ƙasar nan tamu laimar iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100 da hunturu, ta haura 70 a tsakiyar damina, ga zafin bazara da ke wuce digiri 40. Akwatin da aka yi a ƙasa mai damshi bai san wannan hawa da sauka ba.

Maganinsa a rage masa jin canjin. Ki sa shi a leda mai zif ko roba mai murfi, cikin kabad, nesa da taga da bangon da rana ke duka. Kada a bar shi a mota ko na awa ɗaya. In ya cije da damina, ki rufe shi a roba tare da 'yan ƙullin nan masu shan laima da ake samu a kwalin takalmi ko na magani, ki ba shi 'yan kwanaki, zai saki da kansa. In kina son santsi, ki goga bakin fensir ko ɗan kyandir a gefen harshen da ke gudu, kaɗan kawai. Ƙura kuma busasshen burushin fenti ya ishe ta. Adon da ya ɗago, ki ɗebo farin gam na kafintoci a bakin tsinke ki shafa ƙarƙashinsa, ki ɗora ƙyalle da littafi mai nauyi ya kwana. Ban da sufa gulu, don in ta gangara cikin tsaga ta kulle akwatin kullewar da mai yin sa ma ba zai iya buɗewa ba.

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni kahinta na, ina aiki shiyar Tsohuwar Kasuwa. Wani yaro ya gwada man wanga akwati ga waya, nic ce ba abin da za ya gagare mu. Mun yi guda, da munka gama sai yaƙ ƙi zamewa, da munka goge kuma sai yaz zan sako-sako, kowa na ganin tsaga. Mi ad dabara? Kuma wane icce ya kamata mu sa?

AMSA: Wa alaikumus salam, sannu da aiki abokin sana'a. Wasiƙarka ta fi kowace faranta mini rai, don na daɗe ina cewa garin da ke jeme fatar jan akuya har duniya ta san da ita, bai kamata ya rasa mai yin ɗan akwatin da zai ba Alhajin Arkilla ciwon kai ba.

Fara da icce. Katakon da ake saukewa daga kudu yakan iso da ruwansa, kuma daga ɗanye zuwa bushewa ƙayau yana iya raguwa da kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ta faɗinsa, gwargwadon irin itacen, alhali ta tsawonsa da ƙyar yake motsawa. A gado ko kujera ba a damuwa da wannan. A akwatin da rayuwarsa ke kan kaurin takarda guda, shi ne komai. Ka nemi tsohon katako da ya riga ya sha hunturun Sakkwato: ƙafar tsohon gado, ƙyauren da aka cire, bencin makaranta da ya karye. Maɗaci na da kyau da sauƙin aiki. Madobiya da kanya sun fi launi, ka yi ado da su. Gindin akwati kuma ka sa filawud, don an giciye fallayensa ba ya motsi sosai. Duk ɓangarorin da za su goga juna, jijiyar katakonsu ta fuskanci wuri ɗaya, don su kumbura tare su motse tare. Wajen gugar samfefa kuma, ka goge harshen da ke ɓoye cikin tsaga, ka bar gefen da ido ke gani. Na fi zaton a nan naku ya tonu.

Amma da ni ne kai, ba zan fara da salon Japan ba. Zan fara da wanda bai dogara da matsewar katako ba, don shi ya dace da iskarmu. Ka yi akwati mai tsawon santimita 11 ta ciki, da murfin da ke zama cikin baki a ɗaga shi sama. Ka gitta sanda guda daga ƙarshe zuwa ƙarshe, dab da murfin. A tsakiyar sandar daidai ka yanke gurbi mai faɗin santimita 1. Ka huda sandar ta tsawonta daga kowane ƙarshe har ramin ya ɓulla cikin gurbin, ka ga kana da rami biyu masu kallon juna, kowane santimita 5. A ƙarƙashin murfi ka manna ɗan harshe da zai sauka cikin gurbin, shi ma da huda a saitin ramukan. Sai ka yanke kan ƙusa biyu, kowace ta zama santimita 4 da rabi, ka goge bakinsu da magagari su yi mulmul, ka zura ɗaya a kowane rami kafin ka manne sandar. In kana son su yi gudu sosai, ka fara zura bututun biro cikin ramin.

Yanzu dubi abin da zai faru. Mutum ya karkata hagu, ƙusar hagu ta ja baya, amma ta dama ta gangaro ta shige hudar harshen. Ya karkata dama, su yi musaya. Ya girgiza, ya kifa, ya buga, kullum akwai guda a bakin aiki. Hanya ɗaya ce: a ajiye akwatin a tebur a wulwula shi da sauri, juyin ya watsa ƙusoshin biyu waje lokaci guda, a bari ya tsaya da kansa, a ɗaga murfi. Wajen rufewa ma sai an wulwula, a ɗora murfi, a karkata. Ka kiyaye awon nan da na ba ka: ramin ya ɗara ƙusa da kaɗan kawai. In ya yi mata tsawo da yawa, duk biyun za su taru a gefe guda, juyi ya ƙara danna su can, ka yi akwatin da sai zarto.

In kana son ƙarin mugunta, ka sa wani falle a gefe mai zamewa wanda ba ya buɗe komai. Mutane za su yini a kansa.

Idan ka gama na farko, kada ka gwada da yaran shagonka, sun ga kana yi. Ka miƙa wa maƙwabcinka mai walda, ka koma gefe ka yi shiru, ka lura da inda ya fara sa ƙarfi. Wurin nan za ka ƙara wa kauri a na biyu.